Muryar Saratu da Tsakar Rana

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Kiristi Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayena mata na zumunta, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bitrus Ɗanladi. Ni ne mai injin niƙan nan na gefen Babbar Kasuwa, wajen 'yan hatsi. Da yawanku na niƙa maku masara ko dawa. Abin da zan faɗa yau ban taɓa faɗa wa kowa shi gaba ɗaya ba. In kun ji muryata ta yi sama da yawa ku yi haƙuri, har yanzu koyon daidaita ta nake yi.

Shekara ashirin da shida na yi tsaye a kan injin nan, daga hantsi har la'asar sakaliya. Ban taɓa toshe kunnena da komai ba. Har alfahari nake yi cewa ƙarar ba ta damuna, na saba. Ashe ba sabo ba ne, kunnen ne ke tafiya a hankali.

Da farko wani ɗan kuka nake ji kamar na gyare idan na kashe injin. Daga baya sai na lura mutane sun daina magana sosai, kowa ya koma cin kalmomi. Muryar mata da ta yara ce ta fara ɓace mani. Ina jin ana magana, amma ban san me ake cewa ba. Sai na koyi duban baki. In na ga mutum ya yi murmushi, in yi. In na ga ya girgiza kai, in ce, “Allah ya kyauta.” A nan majami'ar, benci na uku nake zama, in na ga bakinku ya motsa sai in ce Amin. Na yi kusan shekara biyu ban ji wa'azi ko ɗaya ba, amma kowace Lahadi sai na kama hannun Baba Fasto a ƙofa na ce saƙon yau ya taɓa ni. Baba, ka gafarce ni. Ƙarya nake yi.

Girman kai ne, 'yan'uwa. Ba na so a ce mani kurma.

Matata Saratu ta rasu shekara uku da suka wuce. Iyayena mata sun san ta, ita ce mai ba da waƙa a zumunta. Bayan rasuwarta muka rage ni da 'yarmu Hannatu a gidanmu na Kambarawa, sauran yaran duk suna wasu garuruwa.

Ranar da abin ya fara, Laraba ce, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Na gama niƙa wa wata mata gero, na kashe injin, na zauna a kan buhu. Sai na ji mata suna waƙa.

Can nesa take, kamar daga bayan rumfunan 'yan yadi. Akwai mai bayarwa, akwai masu amshi, har da bugun tulu irin na zumunta. Na yi mamaki, don na daɗe rabon da in ji wani abu tas haka. Na ce a raina, wane taro ne mata ke yi a tsakiyar kasuwa ranar Laraba? Na tashi na leƙa. Masu awo suna awonsu, masu baro suna wucewa, ba wanda ya ɗaga kai. Na tambayi matar da na yi wa niƙa, “Kina jin waƙar nan?” Ta dube ni, ta girgiza kai, ta ɗauki garinta ta tafi da sauri fiye da yadda ta zo.

Washegari waƙar ta dawo, a daidai wannan lokacin. Ranar kuwa na kasa kunne sosai, sai na gane muryar mai bayarwar. Saratu tana da wani ɗan karyewar murya idan ta kai ƙarshen baiti, kamar za ta yi dariya. Shi na ji. Ga rana tana dukan kwano amma ni sanyi nake ji.

Daga nan kullum ne. Ba ta zuwa sai na kashe injin, ko ina zaune ni kaɗai a tsakar gida. Baiti guda ne take maimaitawa, ba ta wuce shi. Ta kai ƙarshe, ta koma farko. Rayayyun da ke gabana bakinsu na motsi ba sauti, wadda muka binne kuma ita nake ji garau.

Ban gaya wa Hannatu ba, ban gaya wa Baba Fasto ba. Inda na je shi ne wurin wani mai magani da aka kwatanta mani a bayan gari. Ni da aka yi wa baftisma tun ina saurayi, na cire takalmi na durƙusa gaban mutumin nan. Ya leƙa kunnena ya ce, da ihu don in ji, iska ce ta shiga ta zauna, tana aron muryar matata. Ya turara ni da hayaƙi, ya ɗiga mani wani mai mai ɗumi a kunnen hagu, ya ba ni gashin kaza ya ce in riƙa sosawa. Kwana huɗu kunnen ya kumbura ya fara ruwa. Ɗan jin da ya rage a wannan gefen ya tafi. Waƙar kuwa sai ta ƙara matsowa kusa.

A cikin kwanakin nan ne na yi abin da ya fi komai ba ni kunya.

Maƙwabcin rumfata Alhaji Mamman ne, mai sayar da hatsi. Shekara ashirin muna tare. Shi ke ajiye mani makulli in zan je gida, ni ke duba mashi buhuna in ya tafi masallaci. Da Saratu ta rasu, kwana uku yana zuwa gidana zaman makoki. Kowace safiya sai mun yi doguwar gaisuwa, kuma na haddace jerinta, ko ban ji ba na san amsar da ke biye. Rannan ya zo ya tsaya gabana, ya yi magana. Na ce, “Lahiya lau, Alhaji.” Ya sake magana, ya ɗan daɗe. Ni kuma na washe baki na ce, “To madalla, haka ake so.”

Na ga fuskarsa ta canza. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya juya, ya rufe rumfarsa ya tafi.

Sai bayan kwana biyu wani mai awo ya ja ni gefe ya faɗa mani da ƙarfi a kunnen dama. Ƙanen Alhaji ne ya rasu, wanda suke ciki ɗaya. Abin da ya zo gaya mani ke nan.

Kun san me na yi? Ban je gaisuwa ba. Don in na je dole in faɗi dalili, in na faɗi dalili kuma na amsa cewa ni kurma ne. Na zaɓi Alhaji ya ɗauke ni marar mutunci da ya san ba na ji. Da ya dawo kasuwa ya mayar da tabarmarsa ɗaya gefen. Muka yi wata guda ba ko sannu.

Ina cikin wannan hali sai zuciyata ta fara raya mani cewa waƙar kira ce. Saratu ce ta zo tafiya da ni. Na yarda da haka har cikin raina, na kuma fara shiri. Na ba ƙanena babbar rigata ta bukukuwa. Na nuna wa Hannatu inda takardun gida suke. Ta tambaye ni dalili, na ce tsufa ne. Abinci ma na rage ci, don ban ga amfaninsa ba.

Ran wata Alhamis da azahar na kashe injin, waƙar ta taso da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Na ji kamar daga yamma take fitowa, ta wajen makabartarmu. Na ce to, yau ce. Ban rufe rumfa ba, ban karkaɗe garin da ke jikina ba, na kama hanya da ƙafa.

Ban san yadda zan kwatanta maku tafiyar nan ba. Garin Katsina cike da mutane, motoci, babura, masu Keke, amma duk kamar a bayan gilashi suke. Na wuce wani makaniki yana dukan ƙarfe da guduma, gudumar na sauka shiru. Na wuce wani kare a bakin kwata yana buɗe baki yana rufewa. Ni dai ina bin muryar. Abin da ya fara daure mani kai shi ne, duk nisan da na yi ba ta ƙara kusa ba, ba ta kuma yi nisa ba. Tana nan daidai inda take, taku kaɗan a gabana.

Na isa makabarta. Ba kowa. Na nemi kabarinta na tsaya a kai. Ciyawa ta bushe, gicciyen ya ɗan karkata. Na ce, “Saratu, ga ni.”

Waƙar ba ta tsaya ba. Ba ta amsa ni ba. Ta kai ƙarshen baitin ta koma farko, kamar ba ta san na zo ba.

Na durƙusa na kara kunnena na dama a ƙasa. Ƙasar da zafi, kuma waƙar ba daga nan take fitowa ba. Sai na sa yatsu na toshe kunnuwana biyu da iyakar ƙarfina. 'Yan'uwa, ko kaɗan ba ta ragu ba. A nan tsoro na gaske ya kama ni. Da daga kabari take, da na iya gudu. A cikin kaina take. Duk inda na je da ita zan je.

Na faɗi rubda ciki na yi kuka. Na daɗe ban yi addu'a ta gaskiya ba, ranar na yi. Na ce, “Ya Yesu, ba na ji. Ni kurma ne. Na yi wa bayinka ƙarya, na je inda bai kamata in je ba, na wulaƙanta maƙwabcina. Ban san ko mutuwa ce ke kirana ko hauka ba. Ko muryata da nake roƙonka da ita ba na ji sosai, amma kai kana ji. In lokacina ne, kai ka kira ni da kanka. In ba shi ba ne, ka aiko mani da wanda zai fitar da ni daga nan.”

Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba. Sai na ji hannu a kafaɗata.

Na ƙame. Na kasa juyawa. Ina kallon inuwar mutum a kan kabarin, doguwa, ta rufe tawa. Hannun ya girgiza ni. Da ƙyar na ɗaga kai.

Alhaji Mamman ne, yana haki, hularsa a hannu.

Ya tsuguna ya kawo fuskarsa daf da tawa, ya yi magana a hankali yadda zan ga bakinsa. “Malam Bitrus. Ba ka ji, ko?”

Na ce, “Ba na ji, Alhaji.”

Ya ce, “Tun yaushe?”

Na ɗaga mashi yatsu biyu. Na ce, “Shekara.”

Daga baya ya ba ni labari. Yana zaune ya ga na fito fari fat da gari, na tsallaka titi gaban wata babbar mota. Direban ya danna oda har mutane suka toshe kunne, ya taka birki, ana ta salati, ni ko waiwaye ban yi ba. A nan ya gane. Ya hau babur ya biyo ni, na ɓace mashi a hanya, ya yi ta tambaya ko an ga wani mutum mai gari a jiki, har aka nuna mashi ƙofar makabarta. Mutumin da na ƙi zuwa yi wa ta'aziyya, shi Ubangiji ya aiko.

A nan bakin kabarin matata na yi mashi gaisuwar ƙanensa. Ya riƙe hannuna ya ce, “Ya wuce. Tashi mu tahi gida.”

Washegari shi da Hannatu suka kai ni asibiti wurin likitar kunne. Ta fara wanke kunnen hagu, ta ba ni magani na sati biyu saboda ruwan da yake yi. Da ya warke muka koma. Ta sa ni a wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, ta kifa mani abin sauraro a kunnuwa, ta ba ni ɗan madanni ta ce in danna duk lokacin da na ji ƙara. Tana rufe ƙofa sai waƙar ta taso. Na yi ta dannawa. Ta cikin gilashi na ga likitar ta daina rubutu tana kallona. Ta buɗe ƙofa ta rubuta a takarda: “Baba, ban kunna komai ba tukuna. Me kake ji?”

Na ce a raina yau za a kai ni wurin masu taɓin hankali. Amma na riga na yi wa Ubangiji alkawarin daina ɓoyewa. Na ce, “Matata nake ji. Ta rasu.”

Ba ta firgita ba. Ta jawo kujera ta zauna gabana. Bayan an gama gwajin ta yi mani bayani, rabi da baki, rabi a rubuce. Ta ce a can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa kamar gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi ta yau da gobe tana kashe su, in sun mutu kuma ba sa sake tsirowa. Ta ce tsufa ma na kawo haka, da ciwon kunne da aka bari bai samu magani ba, da wasu magunguna masu ƙarfi in an sha ba bisa ƙa'ida ba. Nawa dai injin ne, sai kuma ɓarnar da man nan da gashin kaza suka ƙara.

Na ce, “To waƙar fa?”

Ta ce, “Baba, ba hauka ba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne. Idan ƙwaƙwalwa ta daɗe ba a kawo mata sauti daga waje ba, wani lokaci sai ta ɗauko wanda ta ajiye ta riƙa kunna wa kanta. Wani ƙugi yake ji, wani kiɗa. Kai ta ɗauko maka wanda ka fi so.”

Na sunkuyar da kai. Ban san ko murna zan yi ko baƙin ciki ba.

Ta ce jin da ya tafi ba zai dawo ba, amma akwai na'urar ji da za ta ƙarfafa wanda ya rage. 'Ya'yana da wasu daga cikinku kuka haɗa hannu aka samo ta, Allah ya sāka maku. Ga ta nan a bayan kunnena, ba ta kai ɗan yatsa ba. An auna ta ne daidai da kunnena, don haka kada wani ya je ya sayi ta kasuwa ya cusa, a fara gwaji tukuna.

Kada in yi maku ƙarya, kwanakin farko ban ji daɗinta ba. Cokali ya taɓa kwano sai in zabura. Taunar abincina ma damuna take yi. Muryar kowa kamar daga cikin rediyo. Sau biyu ina cire ta in tura ƙarƙashin matashi. Likita ta ce in yi haƙuri, in fara da sa'o'i kaɗan a gida, in riƙa ƙarawa, in koma a sake daidaita ta. Na koma sau uku. Yanzu na san in cire ta in zan yi wanka, in goge ta, in duba batir. Kunnen hagu har yau kaɗan yake kamawa. Injin kuma na bar wa ƙanena, da sharaɗin ba zai tayar da shi ba sai ya toshe kunnensa.

Waƙar ba rana ɗaya ta tafi ba. Yadda duniya ke dawowa, haka take ja da baya. Ta koma can nesa, ta koma sai jefi-jefi. Wata rana na lura na yi sati ban ji ta ba. Na zauna na yi kuka, don ko ba Saratu ba ce, muryarta ce. Amma Saratu tana wurin Ubangiji tana hutawa, ba ta yawo a kasuwa tana kiran kowa. Wannan na sani yanzu.

Saura abu ɗaya in zauna.

Ranar da na cika kwana goma da sa na'urar, ina zaune a tsakar gida da yamma, Hannatu ta kawo mani tuwo. Ta ajiye, ta koma bayana tana kwashe shanya. Ta manta abin yana kunnena. Sai na ji ta tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba, kuma da ni take. Ta ce, “Baba, na gaji. Mama ta tafi, kai ma ka rufe ni a waje. In ka mutu wa zan gaya wa?”

Na ajiye lomar da ke hannuna. Ban juya ba na ce, “Ina jin ki, Hannatu.”

Kayan suka zube daga hannunta.

Ashe tun kafin kowa ta san ba na ji. Ta ga ba na so a sani, sai ta rufa mani asiri. Shekara biyu, duk abin da ya dame ta sai ta tsaya a bayana ta faɗa, don ta san ba zai shiga ba. Ranar muka zauna har tuwon ya huce. Na ce ta faro daga farko, duk abin da ta taɓa faɗa wa ƙeyata ta maimaita shi a gabana. Har yau ba mu gama ba.

Na gode wa Yesu da ya ji ni ranar da ni kaina ba na jin kaina. Na gode mashi saboda likitar nan, da maƙwabcina, da ku. In akwai wani a nan da ya fara duban bakin mutane kafin ya amsa, ko yake jin abin da ba wanda ke ji, kada ya yi irin tawa. Ka faɗa wa Ubangiji gaskiya, ka faɗa wa na gida, ka je a duba ka. Ka dogara gare shi, ba zai bar ka a inda kake ba. Wataƙila akwai wanda ya daɗe a bayanka yana magana.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.